Yadda Ake Tura Bidiyo Ga Dubban Mutane Ta Dandalin Saƙon Kar-Ta-Kwana

Tambayar da 'yan kasuwa da masu makarantu suka fi yi mini ita ce: "Na buɗe asusu a dandalin tura saƙo ga jama'a, na zuba kuɗi, to ina wurin maƙala bidiyo?" Amsar da ba sa son ji ita ce, a yawancin dandalin da muke amfani da su a Najeriya da Nijar babu wurin, domin saƙon SMS rubutu kaɗai yake ɗauka. Tun 3 ga Disamba 1992 da aka aika na farko a Ingila, buhunsa bai ƙara girma ba: haruffa 160 ne a shafi ɗaya. Bidiyo sai dai ya bi ɗaya daga hanyoyi uku. Ko ka ɗora shi a intanet ka tura linkinsa cikin SMS, ko ka tura shi kai tsaye ta WhatsApp na kamfanoni, ko kuma ta MMS, wato saƙon waya mai ɗaukar hoto da bidiyo, wanda dandali irin su Twilio suka fi bayarwa ga lambobin Amurka da Kanada.

Zan bi hanyar farko dalla-dalla don ita ce ta fi isa ga kowa, sannan in taɓa sauran biyun. Bari mu ɗauki misali ɗaya mu riƙe har ƙarshe: kana da shagon taki da iri, kana da lambobin manoma 3,000 da ke sayayya a wurinka, damina ta kama, kana son nuna musu yadda ake binne taki a gindin masara maimakon watsa shi a sama ruwa ya tafi da shi.

Mataki na farko: lambobin da za ka tura wa

Kafin ka taɓa kyamara, ka zauna da jerin lambobinka. Tambaya ɗaya za ka yi wa kowace lamba: mai ita ya san ina da lambarsa, ya kuma yarda in riƙa aiko masa saƙo? Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta wajabta neman yardar mutum kafin a yi masa talla kai tsaye, kuma akwai hukumar NDPC da ke sa ido a kai. Ko babu doka, lissafin kasuwa ma ya isa. Akwai masu sayar da jerin lambobi, su ce maka na 'yan jiha kaza ne dubu ɗari. Kada ka saya. Wanda bai san ka ba ba zai danna linkinka ba, kuma yana da gaskiya, domin da irin wannan linkin 'yan damfara ke kwashe wa mutane kuɗi a banki. Littafi ɗaya a kan teburin shago, mai saye ya rubuta suna da lamba ya sa alamar ya yarda, ya fi wancan dubu ɗarin amfani.

Sai gyaran jerin. Ka buɗe Excel ko Google Sheets, ka yi layin suna da layin lamba. Ka mayar da lambobin zuwa tsarin ƙasa da ƙasa: a cire sifilin farko a sa 234 ga Najeriya. Nijar 227, Ghana 233, Kamaru 237, Chadi 235. A nan akwai tarko. Excel yana ɗaukar lambar waya a matsayin adadin lissafi, sai ya cinye sifilin farko, doguwar lamba kuma ya murɗe ta zuwa wani abu mai alamar E+ a tsakiya. Idan ka ajiye fayil ɗin a haka, lambobin sun lalace. Maganinsa, ka zaɓi dukan layin ka mayar da shi Text tun kafin ka zuba lambobin. Ka cire waɗanda aka maimaita, ka ajiye fayil ɗin a tsarin CSV, shi ne kusan kowane dandali ke karɓa.

Mataki na biyu: ɗaukar bidiyon

Magana ɗaya, bidiyo ɗaya. Sakan 30 zuwa 45 sun isa. Ka riƙe wayar a tsaye don haka mai kallo zai riƙe tasa. Ka tsaya rana tana fuskantarka, ba a bayanka ba. Murya ta fi hoto muhimmanci: mutum zai haƙura da hoto mai ɗan dishi-dishi, amma ba zai haƙura da ƙarar janareto ko iska na kaɗa makirfo ba. Ka matso kusa da wayar, ko ka sayi ƙaramin makirfo na maƙalawa a wuyan riga.

Sallama ɗaya, ka faɗi sunan shago, ka shiga magana. Na san al'adarmu ta doguwar gaisuwa, kuma abu ne mai kyau a zaure, amma a nan kowane sakan datar wani ce ke ƙonewa. Fuskarka da allon shagonka su fito a farkon bidiyon, saboda wanda ya danna yana ɗar-ɗar ya ga fuskar da ya sani hankalinsa ya kwanta. Idan da farashi ko lambar waya, a rubuta su manya a kan hoton, kada a bar su a baki kawai.

Mai iPhone ya shiga saitin kyamara, wurin Formats, ya zaɓi Most Compatible. In ba haka ba wayar za ta ɗauka da tsarin HEVC, wanda wasu tsofaffin wayoyi ba sa iya buɗewa.

Mataki na uku: rage nauyin bidiyon

Nan ne mafi yawa ke yin sakaci, kuma nan ne nake ganin mutuncin mai aiko saƙo yake. Minti ɗaya na bidiyon da waya ta ɗauka a 1080p yakan kai megabait 60 zuwa sama da 100. Manomin da ya sayi data ta kwana ɗaya, idan bidiyonka ya shanye masa ita, ba zai sake danna wani abu daga wurinka ba.

Lissafin ba shi da wuya. Nauyin bidiyo shi ne yawan bayanan da ke gudu a kowane sakan, a ninka da tsawonsa, a raba da 8. Idan ka saita jimillar hoto da murya a kilobit 600 a sakan, bidiyon sakan 40 zai zama 600 sau 40, wato 24,000, a raba da 8, ya ba ka kilobait 3,000. Megabait 3 ke nan. Wannan ya wadatar ga allon waya.

A kwamfuta, manhajar HandBrake kyauta ce kuma ita nake amfani da ita. Ka jawo bidiyon ciki, ka zaɓi tsarin MP4, hoto H.264, murya AAC. Ka sauke girman hoton zuwa 480p, ko 720p idan akwai ƙananan rubutu da dole a karanta. A wurin ingancin hoto ka zaɓi matsakaicin gudu ka rubuta 500, murya kuma ka sa 64 zuwa 96. Akwai wani ɗan akwati mai suna Web Optimized, ka sa masa alama: shi ke sa bidiyo ya fara wasa tun bai gama sauka ba. Wanda ba shi da kwamfuta zai iya yi da CapCut ko makamanciyarta a waya, ya rage girman hoto da gudu a lokacin fitar da bidiyon. Bayan ka gama, ka kalla a waya mai araha, ba a taka mai tsada ba.

Mataki na huɗu: ɗora shi inda za a kalla

YouTube ya fi sauƙi. Yana duba ƙarfin sabis ɗin mai kallo ya rage ingancin hoto da kansa har zuwa 144p, kuma yawancin wayoyin Android da shi suke zuwa. Lokacin ɗorawa ka zaɓi Unlisted idan ba ka son bidiyon ya fito a bincike: mai linki kaɗai zai gani. Kada ka zaɓi Private, don babu wanda zai iya buɗewa sai wanda ka gayyata ta imel. Amma ka sani, Unlisted ba sirri ba ne, duk wanda aka tura wa linkin zai kalla. Bidiyon da ke nuna fuskokin yara 'yan makaranta ko wani bayani na marar lafiya bai kamata ya bi ta nan ba sai da izinin masu shi.

Gajeren linkin YouTube yana farawa da youtu.be, sai haruffa 11. Idan ka kwafo shi ta maɓallin rabawa, za ka ga ya jawo wutsiya mai farawa da alamar tambaya da si. Ka goge wutsiyar, linkin zai yi aiki ba tare da ita ba, ka kuma tsira da haruffa kusan 20.

Google Drive ban cika ba da shawararsa ba. Mutane kan manta su buɗe izini ga duk mai linki, sai jama'a su tarar da ƙofa a rufe, kuma idan mutane da yawa suka auka wa fayil ɗaya a lokaci guda yakan dakatar da saukewa na ɗan lokaci. Manhajojin gajarta linki irin su Bitly suna ƙirga maka yawan dannawa, amma suna ɓoye inda linkin zai kai mutum, abin da ke sa jama'a tsoro, wasu kamfanonin sadarwa ma sukan tace irinsu. Linkin da aka ga sunan YouTube ko sunan shafin kamfaninka a jikinsa ya fi samun yarda.

Mataki na biyar: asusu da sunan mai aikowa

Dandali suna da yawa: Termii, BulkSMSNigeria, Africa's Talking, Infobip da sauransu. Tsarinsu kusan ɗaya ne. Ka yi rajista, ka tabbatar da imel da lamba, ka zuba kuɗi a asusu, ka nemi sunan da zai bayyana a wayar mai karɓa, wanda suke kira Sender ID. Bai wuce haruffa 11 ba. Ka zaɓi sunan da aka san shagon da shi a bakin mutane. Kamfanonin sadarwa ne ke amincewa da sunan, sukan nemi takardar rajistar CAC da samfurin saƙon da za ka riƙa turawa, kuma abin yakan ɗauki kwanaki. Saboda haka wannan matakin a fara shi da wuri, kada a bari sai ana gobe sallah. Ka gaya musu tun farko cewa saƙonka zai ƙunshi linki, ka tambaya ko sai an yi masa rajista.

Saƙon da ya zo da suna maimakon lamba ba a iya mayar masa da amsa. Dole ka sa lambar da za a kira ka a cikin rubutun.

Sai batun DND, wato toshe layi daga saƙonnin talla. Tun 2016 hukumar NCC ta ba masu waya damar tura STOP zuwa 2442 don toshe saƙonnin talla. Dandali suna da hanya biyu: ta talla, wadda ba ta shiga layin da aka toshe, da ta saƙonnin hulɗa irin lambar sirri ta banki da sanarwar biyan kuɗi, wadda ke shiga ko'ina. Za ka samu mai ba ka shawara ka cusa tallarka ta hanya ta biyu. Kada ka yi. Mutum ya rufe ƙofarsa da gangan, kai kuma ka haura ta katanga. Ban da haka, ana iya soke maka sunan gaba ɗaya. Saƙon talla kuma lokacinsa tsakanin 8 na safe ne zuwa 8 na dare.

Mataki na shida: rubuta saƙon

Wannan sashen na masu rubutu da Hausa ne musamman, kuma kuɗi ne tsagwaronsu. Haruffa 160 ɗin nan suna aiki ne kawai idan duk abin da ka rubuta yana cikin jerin haruffan da ake kira GSM-7. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, ba sa cikin jerin. Da zarar ɗaya tak ya shiga, dukan saƙon ya koma tsarin Unicode, shafi ya ragu zuwa haruffa 70. Idan saƙon ya wuce shafi ɗaya, kowane shafi 153 ne a tsarin farko, 67 a na biyu.

Ga abin da hakan ke nufi a aljihu. Saƙo mai haruffa 150 shafi ɗaya ne. Ka sa ƙ guda ɗaya, ya zama shafi uku. Manoma 3,000, maimakon ka biya kuɗin shafi 3,000, ka biya na 9,000. Na taɓa ganin asusun wata makaranta ya ƙare a tsakiyar turawa saboda wannan, rabin iyayen yara ba su samu sanarwar ba. Alamar naira ta ₦ ma ba ta cikin jerin, sai a rubuta N. Haka 'yan hotunan dariya da zuciya. Haka kuma lanƙwasasshiyar alamar ɗauri da Word ke sawa da kansa a kalmomi irin 'ya'ya da sana'a. Shi ya sa ya fi kyau ka rubuta saƙon kai tsaye a akwatin dandalin, idonka na kan ma'aunin shafi da ke ƙasansa.

Ina ƙaunar rubutun Hausa da ƙa'idarsa, ba na jin daɗin ganin an cire lanƙwasa. Dabarar da na fi so ita ce zaɓen kalmomin da asali ba su da ita, ta yadda ba a karya ƙa'ida ba, ba a kuma rikita ma'ana ba. Kowa ya san baki da baƙi ba ɗaya ba ne, kasa da ƙasa ma haka. Maimakon "ƙarin bayani", rubuta "tambaya". Maimakon "daƙiƙa", rubuta "sakan". Ga samfuri:

Salam. Daga shagon taki na bakin kasuwa: bidiyon sakan 40 kan yadda ake binne taki a gindin masara. Bai wuce 3MB ba. Kalla a nan: (linki) Tambaya: (lamba)

Dubi abin da ke ciki. Wane ne ya aiko, me za a gani, tsawonsa, datar da zai ci. Faɗin nauyin bidiyon shi ne abin da na fi dagewa a kai, domin yana ba mutum damar yanke shawara da idonsa a buɗe. Ka bar sarari kafin linki da bayansa, kada aya ko waƙafi ya manne masa ya lalata shi. Ka guji kalaman "ka ci kyauta" da "danna yanzu-yanzu", harshen mazambata ne, kuma matatar kamfanonin sadarwa na kama irinsu. Idan dandalin yana iya sa sunan kowa daga fayil ɗinka, ka yi amfani da shi, amma ka auna da suna mafi tsawo a jerin don kada ya tura saƙon shafi na biyu.

Mai ƙaramar waya ba zai iya buɗe linki ba. Ko dai rubutun ya ɗauki gundarin maganar, ko ka ce masa ya biyo ta shago a nuna masa.

Mataki na bakwai: gwaji, sannan turawa

Ka tura wa kanka da mutanen shago tukuna: layin MTN, na Airtel, na Glo, babbar waya da ƙarama. A kashe Wi-Fi a danna linkin da data. Sunan ya fito daidai? Bidiyon ya tashi cikin 'yan sakanni? Murya na fita? Sai ka ɗora fayil ɗin CSV, ka nuna wa dandalin layin lamba da layin suna, ka duba jimillar kuɗin da ya lissafa kafin ka danna turawa. Idan adadin ya ninka abin da ka zata, wani harafi ne ya ɓuya.

Kada ka saki 3,000 a tashi ɗaya. Fara da 200, ka jira awa ɗaya ka ga abin da zai biyo baya. Idan da kuskure, mutum 200 ne suka gani. Ga manomi da damina, safiya tana gona, don haka tsakanin la'asar da magariba ya fi. A kauce wa lokacin sallar Juma'a, da azumi kuma a kauce wa dab da shan ruwa.

Idan ta WhatsApp za ka bi

A nan bidiyon da kansa ke sauka, ba linki ba. Jerin watsa saƙo na manhajar WhatsApp Business mutum 256 yake ɗauka, kuma sai wanda ya ajiye lambarka a wayarsa zai samu. Don dubbai, sai an bi ta tsarin kamfanoni na Meta, mamallakin WhatsApp, tsarin da dandali da yawa ke haɗa mutum da shi. Za ka buɗe asusun kasuwanci na Meta, ka ware layi don aikin, ka tsara samfurin saƙo mai bidiyo a samansa, ka miƙa don amincewa. Hausa na cikin harsunan da ake zaɓa, kuma a nan ka rubuta ƙ da ɗ ɗinka yadda kake so, ba a ƙara maka ko kwabo. Bidiyon kada ya wuce megabait 16, MP4 mai H.264 da AAC, wato irin wanda ka riga ka shirya. Sabon asusu yana farawa da mutum 250 a awa 24, ana ɗaga iyakar gwargwadon yadda jama'a ke karɓar saƙonka. Idan suna toshe ka ko kai ƙararka, darajar layinka ta faɗi.

Akwai hanyar haɗa biyun da nake so ƙwarai. Ka tura SMS mai linkin wa.me da lambar shagonka, wato linkin da ke buɗe hira da kai a WhatsApp, ka ce mai son bidiyon ya yi maka sallama. Wanda ya fara yi maka magana ya buɗe maka ƙofar awa 24 da za ka tura masa bidiyo ba tare da samfurin da aka amince da shi ba. Bidiyon ya je ga masu so kaɗai, kuma suna iya tura wa maƙwabtan gona.

MMS, ga 'yan'uwa mazauna Amurka da Kanada

Ƙungiyar da ke son sanar da membobinta taro ko sallar idi za ta ga maɓallin maƙala fayil a dandalinta. Sai an yi wa lambar rajista tukuna, a Amurka tsarin ana kiransa 10DLC, kuma dokar TCPA ta 1991 ta tsananta kan neman izini da mutunta wanda ya ce STOP. Matsalar MMS ƙanƙantar buhu ce. Iyakar ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani, mafi aminci a tsaya wajen kilobait 500. Da lissafinmu na ɗazu, bidiyon sakan 15 ke nan a gudun kilobit 260. Abin da ya fi haka, a tura hoto ɗaya mai kyau da linki a ƙasansa.

Bayan an tura

Washegari ka sauke rahoton isar saƙo. Kalmar Delivered tana nufin ya shiga waya, ba ta nufin an karanta. Lambobin da suka gaza sau biyu ko uku a jere ka cire su: kuɗi kake zubarwa, kuma layin da aka daɗe ba a amfani da shi kamfani kan sake sayar wa wani wanda bai taɓa jin sunanka ba. A YouTube Studio ka duba yawan masu kallo da zanen da ke nuna inda suke ficewa. Idan yawancinsu sun tafi a sakan 10 na farko, gabatarwarka ce ta yi tsawo, a gyara a na gaba.

Lambar da ka sa a saƙon ta kasance a hannun wanda zai ɗauka kuma ya san amsar tambayoyin taki, da cajinta cike, tun daga minti na farko. Duk wanda ya kira ya ce a daina aiko masa, a ba shi haƙuri, a cire lambarsa a ranar, a kuma rubuta ta a wani fayil dabam da za a riƙa dubawa kafin kowace turawa, don kada ta sake shigowa daga tsohon littafin shago.